Fuskar Mai Aski

Ta dire hoton a kan teburin fenti ba tare da ta duba inda take direwa ba, gefensa ya dangwali shuɗin da bai bushe ba. Mai zane ya yi wuf ya ɗauke, ya sa bakin rigarsa yana gogewa.

"Bar shi, Malam," in ji ta. "Abin lalacewa ya riga ya lalace. Duba ka gani."

Ya duba. Tsohon hoto ne na zamanin amarcinsu. Ga ta nan zaune, yarinya ɗanya shataf, ta sunkuyar da kai. Ga mijinta a gefenta, mai askin nan da bango ɗaya ya raba gidansa da na mai zane. Ga riga, ga kafaɗa, ga wuya har zuwa haɓa, daga nan kuma sai farin tabo. Ruwan da ya daɗe yana yoyo a bangon ɗakinsu ne ya shiga tsakanin gilashi da takarda, da ta zo cirewa sai fuskar ta bi gilashin.

"Babu wani? Ko a waya?"

"Wace waya? Kai ma ka san halin yayanka. Da an ɗaga waya zai ja tawul ya rufe fuska, wai shi da ƙeyar mutane ya saba. Na jikin katin shaidarsa kuwa ya koɗe, in ka gani sai ka ce da toka aka shafa."

Ya turo mata kujera, ta ƙi zama. Mace ce da duk layin suka sani da kamun kai, ba a taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba.

"Likita ya ce mu dawo gida. Ka san abin da hakan ke nufi, ba sai na faɗa ba." Ta ɗago ta dube shi. "Malam, na manta fuskarsa."

Ya tsaya yana kallonta, don bai gane ba.

"Ɗazu ina wanke masa ciwon, na rufe ido in tuno yadda yake a da. Wallahi ba ta zo ba. Ta yanzun nan ce kawai ke zuwa, kumburin, da bandejin. Shekara da shekaru ina kallon mutum, a ce 'yan watannin ciwo sun shafe min shi? In ya tafi, da wannan zai bar ni. Ka zana min shi yadda yake. Kuma ka yi sauri, tun yana magana. So nake in kalli fuskar ina jin muryar, in haɗa su, in tabbata shi ne. In ya yi shiru kafin ka gama, da me zan gwada?"

Ya ce to. Ban da to me zai ce?

Sai da ta fita ya zauna ya dafe kai. Shi fa mai zane ne na gaske, ba cika baki ba. Masu hannu da shuni kan zo ɗakin nan da ke ƙofar gidansa su zauna ya zana su, ya rage musu tumbi ya ƙara musu kwarjini, su tafi suna yabon gaskiyar hannunsa. Amma yana da wata lalura da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Hannunsa ba ya tafiya sai ido ya ja shi. Abin da ke gabansa, ko ƙuda ne, zai sauke shi a kan ƙyalle har gashin ƙafarsa. In aka ɗauke abin kuwa, hannun ya mutu ke nan. Bai taɓa zana fuska da ka ba, ko ta mahaifiyarsa.

Don haka ya wanke hannu ya shiga gidan maƙwabcin nasa. Ɗakin na warin magani da jiƙaƙƙen tsumma. An jawo gadon kusa da taga, kwalabe sun cika saman akwati, ga kofi da ƙaramin cokali a ciki. A ƙarƙashin gado akwatin ƙarfen da yake zuba kayan aiki, wayar kilifa ta leƙo ta gefen murfi. Mai aski na kwance ya ba ƙofa baya, ya lulluɓe kai da farin tawul, irin na shago. Mutumin da a da in ya tsaya bakin ƙofa sai ya cika ta, yanzu da ƙyar ya ɗaga bargo.

"Yaya, ya jiki?"

"Jiki ya yi nasa wuri." Muryar ta fito a daƙile, kamar mai magana da abu a baki, amma tsokanar na nan ba ta je ko'ina ba. "Sarkin fenti ne? An ce min kanka ya zama daji."

"Wa zan ba kaina in ba kai ba? Jira nake ka tashi."

"To ka shirya kitso."

Mai zane ya yi dariyar da ba ta wuce wuya ba, ya matsa kusa da gadon. "Yaya, da za ka ɗan ɗaga tawul ɗin..."

"Tsaya nan inda kake. Da wane ido ka shigo, na maƙwabci ko na aiki?"

Ya tsaya cak.

"Ta faɗa min abin da ta sa ka. Ni na san idonka, abin da ya gani yau shi yake riƙewa. In ka kalli wannan abin, shi za ka zana, ko ka so ko ka ƙi. Kuma babu abin gani a nan, ƙane. Gira ta zube, kunci ya hau kan ido." Ya yi tari mai tsawo, ya huta. "Je ka nemo ni inda ka bar ni."

Nan tashin hankali ya fara. Ya zauna gaban takarda da gawayi, ya ja zagayen kai, ya ja layin hanci, sai ga fuskar wani attajiri da ya zana bara. Ya yaga. Ya sake, sai ga ta kawunsa. Ya yaga. Abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ce: mutumin da suke gaisawa safe da yamma, wanda ya riƙe masa tsani ranar da iska ta yaye masa rufi, wanda ya nemo mota a guje ranar da naƙuda ta kama matarsa, yau ba zai iya cewa ga faɗin goshinsa ba. Gaisuwar maƙwabta haka take, a tsaitsaye, baki na magana ido na kan hanya.

Ya bi layin yana tambaya kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Tela ya ce doguwar fuska gare shi. Bakanike ya ce ina, zagayayya ce, a tambayi kowa. Mai kantin kusurwa ya daɗe yana tunani har mai zane ya sa rai, sannan ya ce, "Mutum ne dai mai fara'a." Duk layin nan babu kan da mai aski bai san tudunsa da kwarinsa ba, amma su abin da suka riƙe nasa fara'a ce kawai. Ya dawo da haushinsu, sai ya tuna shi ma bai fi su ba, alhali shi kallon fuska ne abincinsa.

Kwanaki suka soma tafiya. Bangon da ke tsakaninsu ba shi da kauri, duk tarin da aka yi can yana ji, duk ƙarar cokali a kofi. In tarin ya yi yawa hankalinsa ya tashi, in kuma ya ji shiru ya fi tashi, sai ya saki gawayi ya manna kunne a bango. Matar mai aski ta daina shigowa, sai dai ta tsaya ta bakin taga.

"Malam?"

"Ana kai, Yaya. Ana kai."

"Yau ko ruwa sai da cokali. Maganar ma ta fara yin nisa."

Ta tafi, shi kuma ya kalli tulin takardun da ya yayyaga a ƙasa. Ƙarya ya yi wa matar da mijinta ke mutuwa, kuma gobe ma zai sake yi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan aiki ba, don wannan ba aikin da za a ce a dawo mako mai zuwa ba ne.

Matarsa ce ta gaji da ganinsa haka. Ta same shi a tsakar gida da hantsi ya zuba wa bango ido, ta riƙe ƙugu.

"Kai ba ka zana ba, ba ka ci ba, ba ka yi wanka ba. Ga kai kamar sheƙar tsuntsu. Zauna in rage maka, kafin mutane su ce ni na haukata ka."

Ba shi da ƙarfin gardama. Ta zaunar da shi a kujera, ta ɗaura masa tsohon zaninta a wuya, ta ɗauko almakashin ɗinki. Ta sa yatsu biyu ƙarƙashin haɓarsa ta ɗaga.

"Kar ka motsa, in na yanke kunne ba ruwana."

Ƙarar almakashin ce ta fara, ƙyas ƙyas a gefen kunne, sai kuma matsin zanin a maƙogwaro. Kafin ya ankara sai ga mutumin ɓaro-ɓaro a gabansa, ya ranƙwafo ta saman kansa. Faffaɗan goshi mai sheƙi, hanci mai ɗan karkata, ƙarshen harshe a kusurwar baki yadda yake yi in ya zo gyaran gefen kunne. Ga tabon nan da ya raba gira ɗaya biyu, inda gashi ba ya fita. Ga murmushin da ke ɗaga gefen baki guda ya bar ɗayan. Ashe a kujerar aski kaɗai ya taɓa zama ya kalle shi, don nan ne kaɗai ba shi da inda zai kai ido.

Ya zabura, kujerar ta kife.

"Ka zauna mana, rabi fa na yi!"

Ina, ya riga ya shige ɗakin aiki da zanin a wuya. Bai tsaya kan takarda ba, ƙyallen da ya ɗaure a katako ya jawo. Ya matso ja da rawaya da baƙi kaɗan ya kwaɓa launin fata, ya ɗiga shuɗi don inuwar ƙarƙashin haɓa. Ya fara da goshi ya gangaro. In fuskar ta soma dushewa sai ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta tsaya bayansa tana kaɗa almakashi a iska. Da farko tana mita, wai yau ta ga ikon Allah, daga baya da ta ga hanci ya fito ta yi shiru, tana kaɗawa tana share ido da gefen hannu. Haka suka wuni, haka suka tashi washegari. Tabon girar ya bari sai ƙarshe, ya ja shi da burushi mafi siriri.

Ya ja baya ya duba. Shi ne. Ko makaho ya shafa ya san shi ne, har ji yake kamar zai ce masa ɗaga haɓa. Bai jira fentin ya bushe ba, ya riƙe katakon ta baya ya fita da rabin aski a ka, bai damu da masu kallo ba.

Ya sami matar mai aski a tsakar gidanta tana matse tsumma. Ya jingina zanen a bango inda haske ke faɗowa, ya koma gefe yana haki. Ta goge hannu a zaninta ta matso. Ta kalla, ta daɗe tana kallo. Yana jiran kuka, ko salati, ko ta durƙushe. Sai ya ga ta karkata kai, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Wane ne wannan?"

"Yaya, shi ne mana."

"Ya yi kama da shi. Kamar wani ɗan'uwansa da ban taɓa gani ba." Ta nuna zanen da yatsa. "Goshin nasa ne, hancin ma... amma ba mijina ba ne, Malam. Wannan mutumin ban san shi ba."

"Ki duba da kyau. Ga tabon ma."

"Tabon!" Ta kai yatsa kan girarta ta hagu. "A nan yake. Ko na manta komai ba zan manta wannan ba, hannuna ya san wurin. Kai ka sa shi a ɗayan gefen. Bakin ma, ba nan yake ɗagawa ba in zai yi dariya, can ne."

"Wallahi yadda na san shi ke nan. Shekara nawa ina..."

"Ni za ka faɗa wa shekara?"

Daga cikin ɗaki aka buga cokali a jikin kofi. Muryar ta fito da ƙyar, sai da suka matsa bakin ƙofa suka ji.

"Ku kawo min... in ga mutumin da kuke faɗa a kansa."

Mai zane ya ɗauki zanen ya shiga. Ya ɗaga shi daidai fuskarsa ya kare idonsa da shi, don ya cika alkawarin rashin kallo, bayan ƙyallen kawai yake gani da ƙusoshin da ya buga. Ya ji matar ta tallafo mijin, ya ji tawul ya zame. Sai wani sauti ya fito, bai san ko dariya ce ko kuka ba.

"Kai! Ga ni nan. Wallahi ga ni nan." Numfashinsa na sarƙewa. "Sarkin fenti, ashe ka iya aiki. Na daɗe ban ga mutumin nan ba."

"Maigida, tabon fa ya sauya gefe," in ji matar. "Ka duba."

"Nan yake kullum. Ni da tabona?"

"Ba nan yake ba!"

Hannuwan mai zane sun fara gajiya amma bai sauke ba. Can ya ji mai aski ya ja numfashi, ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ƙane, a ina kake kallona?"

"A shago, Yaya. In na zauna a kujera."

"In ka zauna a kujera, ina nake tsayawa?"

"A bayana."

"To da ƙeya kake ganina?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa mai zane. Bai taɓa kallon mutumin nan ido da ido ba. Duk shekarun nan a babban madubin shago yake ganinsa, inda dama ke komawa hagu. Fuskar cikin madubi ya haddace, ita ya zana, tabo da murmushi da karkatar hanci duk a juye. Mai aski kuwa da ya ƙare rayuwarsa tsaye gaban madubin nan daga safe zuwa yamma, wannan ce kaɗai fuskar da ya sani tasa.

"Ni ma can na san kaina," in ji mai aski. "Ba ka yi kuskure ba."

"To ku biyu kun samu naku," in ji matar. Ba ta ɗaga murya ba, amma da ta yi ihu da ya fi sauƙin ji. "Ni fa? Ni da na roƙa?"

"Yaya, a kawo madubi," mai zane ya faɗa daga bayan ƙyalle, bakinsa na haɗa kalmomi. "In aka sa zanen gaban madubi zai juyo daidai, yanzun nan za ki..."

"Madubi ba ya shiga ɗakin nan. Tun ranar da aka kwance masa bandejin farko na fitar da su duka, ya sani. Kuma ni ba a madubi na aure shi ba. So nake ya kalle ni in kalle shi, ba gilashi a tsakani. Ka je ka gyara min, Malam. Don Allah ka gyara min."

"Zan goge wannan in..."

"A'a," in ji mai aski. "Wannan ka bar min shi nan, inda zan riƙa gani. Ka yi mata nata."

Mai zane ya jingina zanen a kan akwati, tsakanin kwalaben magani, ya fita da baya idonsa a ƙasa.

Ya ɗaure sabon ƙyalle ya fara. Yanzu ya san fuskar, abin da ya rage ya juya ta kawai. A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma duk layin da ya ce wa hannunsa ya kai hagu, sai hannun ya ja dama, in ya tilasta shi kuma layin ya fito a sandare. Matarsa ta kaɗa almakashi har yatsunta suka yi ja, fuskar na zuwa, amma ta madubin ce ke zuwa, ita kaɗai gare shi. Abin da ke fitowa a kan ƙyallen wani mutum ne mai karkataccen baki da ba ya dariya ba ya fushi. Ya kankare da wuƙar fenti ya sake. Ya kankare ya sake. Yana yi yana roƙo a fili, "Yaya, ka jira ni. Ka ɗan jira ni kaɗan."

Ta bango yana jin maganarsu sama-sama, muryarta ce ta fi yawa, tasa sai jefi-jefi. Washegari da hantsi, yana kan girar, ya lura ya daɗe bai ji tari ba. Ya saki burushi ya manna kunne. Ya ji an ajiye kofi a ƙasa a hankali. Daga nan muryar da ba ta taɓa tsallake katanga ba ta tsallako.

Ya zauna a ƙasa cikin takardun da ya yayyaga, ya yi kuka kamar yaro, da rabin aski a ka. Ya yi kukan maƙwabcinsa, ya kuma yi kukan cewa an ba shi aiki ɗaya a duniya da ke da lokaci, bai kai ba. Daga baya aka faɗa masa cewa mai aski ya cika idonsa na kan zanen, kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce a gyara masa shi, ya ɗan karkace. Mutanen layi da suka shigo gaisuwa duk sun tsaya gaban zanen suna kaɗa kai, tela da bakanike har da mai kanti, kowa na cewa kamar ya yi magana. Su ma ai a kujerar nan suka san shi. Matar mai aski kuwa ba ta ko kalli wajen ba.

Bayan an watse, ƙafa ta ɗauke, gidan ya koma shiru, ya gan ta wata safiya a bakin tagarsa. Ta rame, idon ya faɗa. A hannunta akwai mukulli.

"Na ji kana ta kankara," in ji ta. "Bar shi haka nan. Ko ka gama, ba ni da abin gwadawa." Ta jujjuya mukullin a hannunta. "Shiga ɗakinmu ka ɗauko min zanen farkon nan. Ka zo da ƙusa."

Suka bi layin, ita a gaba, shi a baya da zanen a rungume. Shagon na can ƙarshen layi, ƙofarsa ta yi tsatsa a gindi, sai da ya sa kafaɗa ta buɗu. Ciki na warin hoda da man kilifa da rufaffen ɗaki. Ƙura ta kwanta a kan kanta, ta rufe matazai da kwalaben turare. A kusurwa har yanzu da ɗan tarin gashin da aka share ba a kwashe ba. Ga kujerar, fatarta ta tsage a hannu ɗaya an liƙe da salatif. Ga madubin, ya cinye bango guda.

Ta nuna masa bangon da ke bayan kujerar. Ya auna da ido, daidai tsayin da mutumin ke kaiwa in ya tsaya, ya buga ƙusa da gindin burushin share gashi, ya rataya. Ita ba ta taɓa zama a kujerar nan ba, sai da ta dafa hannun kujerar ta hau, ƙafafunta ba su kai matakin ƙasa ba. Ta daɗe tana kallon cinyarta kafin ta ɗaga kai.

Mai zane ma ya ɗaga nasa. A cikin madubin, ta saman kafaɗarta, wani mutum na murmushi, tabo a girar hagu, baki ya ɗaga ta gefen da shi bai saba gani ba. Hannunsa ne ya yi kowane layi na fuskar nan, amma baƙuwa ce a wurinsa. Wannan ne mutumin da ya riƙe masa tsani, wanda ya yi ta wucewa ta ƙofarsa yana sallama, shi kuma yana amsawa kansa a kan aiki.

"Shi ne ko, Malam?" in ji ta, ba ta juyo ba.

"Ke za ki faɗa min, Yaya."

Leɓunanta na motsi kaɗan, kamar mai jiran a yi mata magana ta mayar. A waje wani ya wuce da babur, ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Ta zamo gaba a kujerar, ta naɗe bakin mayafinta a yatsa, ta miƙa hannu ta fara goge ƙurar madubin a hankali, daidai wurin girar.